Gabas ko Yamma: Wace Jamus Ce Ta Fi Riƙe Talaka?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i, ana tsakiyar hirar tsadar haya, Malam Sabo ya jefo wata magana, sai saƙonnin barka da haihuwa suka binne ta. Na tono ta ne don na ga mutum uku sun yi mata alamar mamaki. Cewa ya yi, a zamanin Yaƙin Cacar Baka talakan Jamus ta Gabas, ƙasar 'yan gurguzu, ya fi talakan Jamus ta Yamma kwanciyar hankali. Allah ya gafarta Malam, fili naka ne. Sharaɗi biyu: ban da zagi, ban da saƙon murya mai minti tara.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ban janye ba. Da gangan na zaɓi Jamus. In ka kwatanta Amurka da Rasha za a ce maka ai tun asali ba ɗaya suke ba, waccan yaƙin duniya na biyu bai rusa mata ko birni ɗaya ba, wannan kuwa ta binne mutum sama da miliyan 20. Amma Jamus uwa ɗaya uba ɗaya ce. Yaƙi ɗaya ya durƙusar da ita a 1945, a 1949 aka raba ta gida biyu, kowane gida da tsarinsa. To mu duba mai ƙaramin ƙarfi.

A Gabas ba a san zaman kashe wando ba, aikin yi haƙƙi ne da aka rubuta a tsarin mulki. Hayar tsofaffin gidaje an ɗaure ta a kan farashin 1936, ba ta motsa ba har ƙasar ta shuɗe. Ɗan dunƙulen burodi fenik 5 ne, fenik kuwa shi ne kwabon Jamus. Yaro ya saya a fenik 5, ya girma ya yi aure, ya aiki ɗansa da fenik 5. Asibiti kyauta, makaranta kyauta har jami'a, ga gidajen renon yara. Kuma ku tuna cikin wane hali suka yi wannan. Yamma ta karɓi kusan dala biliyan 1.4 daga shirin Marshall, tallafin da Amurka ta ba Turai bayan yaƙi. Ita kuwa Gabas, Rasha ce ta kwance mata masana'antu, har layin dogo ta ciccire ta kwashe a matsayin diyyar yaƙi. Wanda aka yashe ya kuma tashi ya ciyar da iyalinsa, ni a wurina ya ciri tuta.

Barista Usman: Baba Malam, tambaya ɗaya ce da ni, 'yar ƙarama. Wa aka gina wa katangar Barlin?

Auta: To fa, an fara.

Barista Usman: Da gaske nake. Daga 1949 zuwa Agustan 1961 mutum kusan miliyan 2.7 suka bar Gabas suka koma Yamma, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 20 ba. Ba annoba, ba yaƙi. Mutum ya kulle ɗakinsa mai arhar haya, ya ɗauki ƙaramar jaka don kada a gane shi, ya hau jirgin cikin gari a Barlin, birnin da shi ma aka raba biyu, ya sauka a ɓangaren Yamma, shi ke nan. Da abin ya ishi shugaban Gabas, Walter Ulbricht, sai aka wayi gari ranar Lahadi 13 ga Agusta 1961 an shimfiɗa waya mai ƙaya. Wata biyu kafin nan, shi da bakinsa ya gaya wa 'yan jarida cewa babu mai niyyar gina katanga. Duk ganuwar da muka sani, ta Kano ce ko ta Zazzau, don maharan waje aka yi ta. Wannan kuwa bindigoginta cikin gida suke kallo. Aƙalla mutum 140 suka mutu a jikinta.

Malam Sabo: Ɗana, shafi ɗaya ka karanta ka rufe littafin. Su wa suka tafi? Likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a, waɗanda gumin leburori ya karantar kyauta. Ranar da mutum ya karɓi takardar shaida, Yamma ta ɗaga masa albashi mai tsoka. Ga wasu kimanin 50,000 da ke kwana a Gabas suna aiki a Barlin ta Yamma, su canza mak ɗaya, wato kuɗin Jamus, na Yamma ya koma huɗu ko biyar na Gabas, su dawo su sayi abincin da gwamnati ta sa wa tallafi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wace ƙasa ce za ta zuba ido randarta na yoyo haka? Ban ce harbin mutane daidai ne ba. Cewa na yi ruwa ba ya tsami banza.

Barista Usman: Da likitoci kaɗai suka tafi, Baba, da ba su kai miliyan ba. Kusan rabin masu tafiyar ba su cika shekara 25 ba. Akwai manoma da yawa da suka bar gonakin gado lokacin da aka tilasta musu shiga gonakin haɗaka a 1960. Peter Fechter, wanda aka harba a Agustan 1962, ya kwanta a gindin katangar jini na zuba kusan awa guda mutane na kallo ta kowane ɓangare, magini ne ɗan shekara 18. Ba farfesa ba ne.

Kafin katangar ma, su wa suka tayar da boren 17 ga Yuni 1953? Magina ne na Barlin ta Gabas, saboda an ƙara musu nauyin aiki da kashi 10 cikin 100 ba tare da ƙarin ko sisi ba. Gwamnatin da ke kiran kanta ta ma'aikata da manoma, tankokin Rasha ne suka ƙwace ta daga hannun ma'aikata. An kashe fiye da mutum 50. Bayan shekara uku ma'aikatan ƙarfe na Schleswig-Holstein, a Yamma, suka shiga yajin aikin kwana 114 kan albashin ranakun jinya. Ba wanda ya ga tanka, kuma a 1957 majalisa ta yi dokar da ta inganta biyan. A ina lebura ya fi daraja?

Malama Zainab: Ku ɗan matsa mini. Barista, kai ma akwai abin da kake tsallakewa, domin duk sanda ka ce talaka, namiji kake gani. A Jamus ta Yamma, har 1958 miji na da ikon ya je ya soke aikin matarsa. Har 1977 doka na cewa mace za ta yi aiki ne kawai in bai ci karo da hidimar gida da iyali ba. A Gabas tun 1950 aka yi dokar kare uwa da yaro da haƙƙin mata. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kusan mata tara cikin goma suna aiki ko suna koyon sana'a, a Yamma kuwa kaɗan suka haura rabi. Daga 1976 wadda ta haifi ɗa na biyu tana iya zaman shekara guda a gida ana biyanta, aikinta na jiranta. Matar da miji ya gallaza wa tana iya tattara kayanta, domin albashinta na hannunta. Wannan ba farfaganda ba ce, ya faru.

Sai dai kada a yi saurin tafi. Wannan gwamnatin ce ta ware wa mata rana guda a wata, da albashi, don su yi aikin gida. Ka ga ke nan an riga an yanke wanda zai yi wanki da shara. Ta tashi daga masana'anta ta shiga layin kanti, ta fita layi ta ɗora tukunya. Kuma a shekara 40 da jam'iyyar ta yi tana mulki, ko mace ɗaya ba ta zama cikakkiyar mamba a majalisar ƙoli ta jam'iyyar ba.

Malam Sabo: Allah ya yi miki albarka 'yata. Rabin farko na karɓa hannu bibbiyu.

Malama Zainab: Baba, ba a sayar da ita rabi-rabi.

Auta: Ni da nake karatu a Leipzig bari in ba ku labarin maƙwabciyata, wata tsohuwa da ta yi aikin masaƙa a wancan zamani. Kullum takan ce mini ba ta taɓa jin faɗuwar gaba don ganin wasiƙar mai gida ba sai bayan 1990. Masaƙarsu ta rufe, ba ta sake samun tsayayyen aiki ba har ta tsufa. In ta fara yabon da, sai ka rantse ƙanwar Baba Malam ce. Amma ita ɗin dai ce ta ce mini ta rubuta sunanta a layin motar Trabant tana budurwa, ba a kira ta ba sai da 'yarta ta shiga firamare. Kuma har yau, in hira ta juya kan siyasa, sai ta rage murya ta kalli ƙofa. Mu biyu ne kawai a ɗakin fa.

Injiniya Bala: Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙonni sun taru. Ban zauna a Jamus ba, amma na yi shekara shida a Kiev da tallafin karatu na Tarayyar Sobiyat, kuma gani ya kori ji. Mahaifina manomi ne, ko gonar ya sayar ba za ta biya wannan karatu ba. Ban biya ko kwabo ba, har alawus ake ba mu, wanda ya fi na 'yan ƙasa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa kobek 5. Littattafan lissafi da kimiyya kamar kyauta. Wannan halacci ba zan manta da shi ba.

Amma abin da Malam bai gani ba shi ne layi. Kowa na yawo da 'yar jakar raga a aljihu, ko Allah zai sa ya ci karo da abin da aka sauke. In ka ga layi, shiga za ka fara yi, sannan ka tambayi na gabanka me ake sayarwa. Kuɗi na aljihu, kaya ne babu. Nama mai kyau ta ƙofar baya yake fita, ga wanda ya san mai kanti. Manyan jam'iyya kuwa da kantunansu, da asibitocinsu, da gidajen hutunsu. Akwai shagunan da ba sa karɓar kuɗin ƙasar sai kuɗin waje, mu baƙi mu shiga, ɗan ƙasa ya tsaya yana leƙe. Mu masu fasfon Najeriya mukan tafi Barlin ta Yamma ko Landan hutu mu dawo da wandunan jins. Abokin karatuna, wanda ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ko Bulgeriya zai je sai kwamiti ya zauna a kansa.

Ina Kiev a 1986. Tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe ranar 26 ga Afrilu, tazarar kimanin kilomita 100 daga inda muke. Sai daren 28 ga wata aka karanta 'yan layuka a talabijin, bayan na'urorin Suwidin sun riga sun tona asiri. Ranar 1 ga Mayu aka fito da 'yan makaranta fareti a tsakiyar gari kamar ba abin da ya faru. Mu a rediyon waje muka fahimci girman abin. Tun daga ranar na daina irin gardamar da Malam ke yi, kuma da ni ma gwaninta ne.

Ustaz Nura: Ni duk lissafin burodin nan bai dame ni ba kamar wannan: kwanciyar hankalin da ba ta haɗa da addinin mutum ba, wace iri ce? Tsakanin 1958 da 1964 shugaban Sobiyat Khrushchev ya rufe dubban wuraren ibada, coci-coci da masallatai. Musulmin Sobiyat miliyoyi ne masu yawa, amma shekara da shekaru kusan madarasa ɗaya aka bar musu a hukumance, Mir-i-Arab ta Bukhara, garin Imamul Bukhari. Masu zuwa Hajji a shekara ba su wuce 'yan gomomi ba, su ma sai an tace su. Albaniya a 1967 ta rufe kowane masallaci da kowace coci. Bulgeriya a 1984 da 1985 ta tilasta wa Turkawanta Musulmi sauya sunayensu. A Jamus ta Gabas ɗin ma, yaron da ya ƙi shiga ƙungiyar matasan jam'iyya saboda imaninsa, sau da yawa ƙofar jami'a ce ke rufe masa.

Malam Sabo: Ustaz, Albaniya ba na kare ta, hauka ce. Amma Angela Merkel 'yar fasto ce. Mahaifinta daga Hamburg ya ƙaura zuwa Gabas a 1954, lokacin da wasu ke gudu. Ta yi digiri a Leipzig ɗin su Auta, ta yi digirin digirgir a Barlin ta Gabas. Ina ƙofar da aka rufe?

Malama Zainab: Ta shiga ƙungiyar matasan, Baba.

Malam Sabo: To na ji. Amma laifi tudu ne, kun taka na Yamma kuna hango na Gabas. Wannan dimokuraɗiyyar da kuke yi wa kirari, a 1956 ta haramta jam'iyyar kwaminis ta Jamus ɗungurungum. A 1972, ƙarƙashin shugaban gwamnati Willy Brandt, aka fito da dokar tantance ma'aikatan gwamnati, aka bincike mutum sama da miliyan ɗaya, malaman makaranta, masu raba wasiƙa, direbobin jirgin ƙasa, wasu suka rasa aiki don ra'ayinsu. Su wa ke riƙe da ofisoshin? Hans Globke, na hannun daman Adenauer, shugaban gwamnatin Yamma na farko, shi ne ya rubuta sharhin dokokin wariyar Yahudawa na zamanin Hitler. Kurt Kiesinger, shugaban gwamnati daga 1966 zuwa 1969, tsohon ɗan jam'iyyar Nazi ne. Ranar 2 ga Yuni 1967 ɗan sanda ya harbe ɗalibi Benno Ohnesorg a Barlin ta Yamma, a zanga-zangar adawa da ziyarar Sarkin Iran, kotu kuma ta wanke ɗan sandan. Ko shi ma tankar Rasha ce ta kashe shi?

Malama Zainab: Baba, wannan misalin da kun bar shi a aljihu. A 2009 aka gano a cikin takardun Stasi, hukumar leƙen asirin Gabas, cewa ɗan sandan nan, Karl-Heinz Kurras, ɗan rahotonsu ne, har da katin jam'iyyarsu. Ba a sami shaidar cewa su suka sa shi harbin ba, kuma wanke shi da kotun Yamma ta yi abin kunya ne, wannan na ba ku. Amma tunda Stasi ta shigo, mu tsaya a kanta. A 1989 tana da ma'aikata kimanin 91,000 da 'yan rahoto na ɓoye sama da 170,000, a ƙasa mai mutum miliyan 16. Takardun da ta bari, in aka jera su, sun kai kilomita 111. Da aka buɗe su a 1992, mutane suka riƙa zuwa karanta rayuwarsu. Vera Lengsfeld, 'yar fafutuka, ta gano cewa mai kai rahotonta mijinta ne, uban 'ya'yanta. Shi ya sa tsohuwar Auta ke kallon ƙofa.

Isufu Damagaram: Ina gaisuwa ga manya. Tun ɗazu ina karantawa, sai na ga kamar duniyar ta tsaya a Barlin. Mu da Faransa ta mulka mun san dimokuraɗiyyar Yamma da wata fuskar. Ana zaɓe a Paris, ana azabtar da mutane a Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Ranar 17 ga Oktoba 1961, wata biyu bayan katangar da Barista ke magana, 'yan sandan Paris ƙarƙashin shugabansu Maurice Papon suka kashe Aljeriyawa masu zanga-zanga, aka jefa wasu a kogin Seine. Fotugal ta Salazar, mulkin kama-karya tsantsa, tana cikin waɗanda suka kafa NATO a 1949. Musaddak na Iran a 1953, Arbenz na Guatemala a 1954, Lumumba na Kongo a 1960, Allende na Chile a 1973, duk ta hanyar majalisa ko ƙuri'a suka hau, kuma kowa ya san hannun da ya taimaka wajen kifar da su.

A Amurka kuwa, a 1957 wani gidan abinci a jihar Delaware ya hana ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, zama ya sha ruwan lemo saboda launin fatarsa, har sai da shugaban ƙasa Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a rufe kunya. A 1961 haka aka yi wa jakadan Chadi a kan hanyar Maryland. In jakada ya ga haka, ina ga baƙar fatar Mississippi da ba a bari ya yi rajistar zaɓe ba sai bayan dokar 1965?

Barista Usman: Malam Isufu, ko ɗaya ban musa ba. Ban ce Yamma waliyyiya ce ba. Abin da nake so a duba shi ne me ke biyo bayan ɓarna. Ku ɗauki shekara ɗaya, 1962. A watan Yuni aka ƙara kuɗin nama da man shanu a Tarayyar Sobiyat, ma'aikatan masana'antar kera kan jirgin ƙasa a Novocherkassk suka fito. Sojoji suka buɗe wuta, aka kashe sama da 20, aka binne su a ɓoye, aka yanke wa bakwai hukuncin kisa. Ba jaridar da ta buga, iyaye ba su san kabarin 'ya'yansu ba sai bayan kusan shekara 30. A watan Oktoba na shekarar, 'yan sandan Jamus ta Yamma suka mamaye ofishin mujallar Der Spiegel saboda wani rahoto kan rundunar soja, aka tsare mai mujallar, Rudolf Augstein, kwana 103. Me ya biyo baya? Ɗalibai suka fito, sauran jaridu suka ba ma'aikatan mujallar aron ofis, ministoci suka ajiye aiki, ministan tsaro Franz Josef Strauss ya rasa kujerarsa. Zalunci ne a nan, zalunci ne a can. Amma ɗaya an yi shi an ji, ɗaya an yi shi an haɗa da kabari. A Amurka, Sanata McCarthy ya ɓata rayuwar mutane da sharrin kwaminisanci, majalisar dattawa ta tsawata masa a 1954. Shugaba Nixon, abin kunya ya sa ya sauka a 1974. Erich Mielke kuwa ya riƙe Stasi daga 1957 har 1989, ba wanda ya isa ya tambaye shi.

Isufu Damagaram: Papon ma bayan 1961 minista ya zama, Barista. Sai a 2012 shugaban Faransa ya amsa cewa an yi kisan. Shekara 51. Kabarin Yamma ma yana da zurfi in gawar ba Bature ba ce.

Barista Usman: Wannan ta same ni. Na karɓa.

Malam Sabo: Yauwa. Kuma gyaran da kake taƙama da shi, wa ya tilasta shi? A 1952 ma'aikatar shari'ar Amurka da kanta ta rubuta wa kotun ƙoli, a shari'ar wariyar makarantu, cewa wariyar launin fata na bai wa farfagandar kwaminis abin faɗa. Da Eisenhower ya tura sojoji Little Rock a 1957 don su raka yara baƙaƙe tara makaranta, hotunan sun riga sun zaga duniya, Mosko na ta yayatawa. A Jamus ta Yamma, shigar da ma'aikata cikin hukumar gudanarwar kamfanonin kwal da ƙarfe a 1951, da gyaran fansho na 1957, kana jin masu jari sun yi su ne don Allah? Tsoro ne. Sun san akwai wani tsarin a tsallaken waya.

Malama Zainab: A nan ina tare da ku, Baba, ko da yake ƙungiyoyin ƙwadago da masu fafutukar baƙar fata su suka sha duka, ba Mosko ba. Amma ku lura da inda maganar ta kai ku. In haka ne, wanda ya fi cin moriyar gurguzu shi ne leburan Yamma. Shi ya sami ƙarin albashi saboda tsoron tsarin, kuma bai zauna a ƙarƙashinsa ba.

Sannan burodin fenik 5 ɗin nan, wa ke biya? Ya yi arhar da har wasu ke saye su ba dabbobi. Hayar da aka ɗaure ba ta isa gyaran rufi ba, tsofaffin unguwannin Leipzig da Halle suka riƙa ruɓewa. A 1983 Strauss ɗin nan da Barista ya ambata, babban maƙiyin kwaminisanci, shi ya shirya wa Gabas bashin mak biliyan ɗaya. Daga farkon shekarun 1960 zuwa 1989 Gabas ta saki fursunonin siyasa sama da 33,000 ga Yamma a kan kuɗi da kaya, kusan mak biliyan 3.5. Tsofaffi 'yan fansho kuwa tun 1964 aka ba su izinin ziyartar Yamma, domin in sun ƙi dawowa an huta da biyansu. A Oktoban 1989 shugaban hukumar tsare-tsare, Gerhard Schürer, ya rubuta wa shugabanni cewa tsayar da hauhawar bashin kawai zai buƙaci rage jin daɗin jama'a da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Nasu ne ya faɗa, ba Barista ba.

Malam Sabo: To da aka haɗe Jamus biyun a 1990 fa? Hukumar Treuhand, wadda aka ɗora wa sayar da kamfanonin gwamnatin Gabas, ta karɓi kamfanoni kimanin 8,500 masu ma'aikata kusan miliyan 4, cikin shekara huɗu ta sayar da na sayarwa ta rufe na rufewa, miliyoyi suka rasa aiki. Mutumin da ya shekara 30 a bakin inji aka ce masa iliminsa ba shi da amfani. Waɗanda suka fito a Leipzig ranar 9 ga Oktoba 1989, su 70,000, suna cewa su ne jama'a, ba wannan suka roƙa ba.

Amma zan gyara lafazina, tunda ɗan'adam tara yake bai cika goma ba. Talakan Gabas da ya kama bakinsa, bai nemi tafiya ko'ina ba, bai yi karo da jam'iyya ba, ya fi takwaransa na Yamma samun tabbacin gobe.

Barista Usman: Shugaba, a rubuta. Sharaɗi uku Baba ya saka.

Malam Sabo: Gyara na yi, ban janye ba. Auta, yarona, tashi ka ƙwanƙwasa wa tsohuwar nan ƙofa. Tambaye ta wa ta zaɓa ranar 18 ga Maris 1990, a zaɓen farko da aka bar su suka zaɓa da kansu.

Auta: Na dawo, Baba. Ta ce ƙawancen su Helmut Kohl, shugaban gwamnatin Yamma na lokacin, ta zaɓa, kamar kusan rabin ƙasar, saboda mak ɗin Yamma da kuma son ganin 'yar'uwarta a Cologne ba tare da neman izini ba. Ta ce bayan shekara biyu aka rufe masaƙar. Na tambaye ta ko da za a maimaita za ta canza. Ta daɗe tana kallon taga, sannan ta tambaye ni ko a ƙasarmu ana ɗaure kuɗin haya.

Shugaban Zaure: Me ka ce mata?

Auta: Na ce mata mai gidan yayana a Kano shekara biyu ya nema a dunƙule.

Shugaban Zaure: An kira magariba a nan. Ustaz na ga kana rubutu tun ɗazu, riƙe shi sai bayan salla.